Yadda za ka kai ƙarshen tafiyar kilomita 100 a keke don tara kuɗin taimako

A hawan keke na tara kuɗin taimako, ba kasafai mutum ke sarewa a farkon hanya ba. Sai an ci rabi, gari ya yi nisa, rana ta ɗaga, sannan ake fara ganin mutane zaune a gindin bishiya, keke a kwance. In ka bi diddigi, abin da ya zaunar da su ya samo asali tun da safe, ko tun makonni kafin ranar: sirdin da ba a daidaita ba, gudun da aka zuba a awar farko, cikin da aka bari wayam. Wannan bayani na wanda ya ɗauki alkawarin kilomita 80 zuwa 100 ne a hanyar karkara, mutane kuma suka ba da kuɗinsu saboda wannan alkawari.

Atisaye

Ka ba kanka mako 10 zuwa 12. Fita uku a mako ta isa: biyu gajeru na minti 45 zuwa awa ɗaya, ɗaya doguwa. Doguwar ta fara daga kilomita 25, kana ƙara 5 kowane mako har ka kai 70 ko 75. Ba dole ba ne ka taɓa yin 100 kafin ranar. A makon ƙarshe ka rage sosai, fita biyu marasa wahala, don ƙafa ta huta. Duk abin da za ka sa ko ka ci a ranar, ka gwada shi a waɗannan dogayen fita. Sabon takalmi ko sabon sirdi ranar tafiya neman ciwo ne.

Sirdi da zama

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne gwiwa ke lalacewa. Ka hau keken kana dafe da bango, ka ɗora dunduniya a kan feda, ka juyo ta ƙasa can. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, to daidai ke nan. Mai son lissafi ya auna daga ƙasa zuwa matsematsinsa ba takalmi, ya ninka da 0.883; abin da ya fito shi ne tazarar tsakiyar sandar da ke juya feda zuwa saman sirdi.

Jiki na faɗin inda aka kuskure. Ciwo a gaban gwiwa, sirdi ya yi ƙasa. Ciwo a bayan gwiwa, ko ƙugu na rangaji hagu da dama, ya yi sama. Ka riƙa gyarawa milimita 3 zuwa 5 a lokaci guda, ka yi tafiya, ka sake dubawa. Sirdin ya kwanta daidai: in bakinsa ya sunkuya za ka yi ta zamewa gaba, nauyinka ya koma kan hannaye, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su mutu saboda jijiyar tafin hannu ta danne. Safar hannu mai katifa na taimakawa, haka ma sauya riƙo kowane minti 10 ko 15.

Wandon keke mai katifa ana sa shi ne ba tare da ɗan kamfai ba, domin ɗinkin kamfai da gumi su ke saɓule fata. Mutane da yawa na jin nauyin tambayar wannan, sai su sha wahala a banza.

Keken kansa

Ka kai wa mai gyara mako biyu kafin ranar, ba jajibiri ba, don in an sa sabuwar wayar birki ko ta giya ta samu lokacin saki a sake ɗaure ta. A duba robar birki, sarƙa, sifoki da jikin taya. A goge sarƙa, a ɗiga mai a kowace gaɓa, a sake gogewa. Man da ya yi yawa yashi yake tarawa.

Iskar taya tana rubuce a gefenta, mafi ƙaranci da mafi yawa. Taya mai faɗin milimita 28 ga mutum mai nauyin kilo 70 zuwa 75 tana son wajen psi 65 zuwa 75 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), mai faɗi kuwa ƙasa da haka. Cika ta tam a hanya mai gargada yana sa keke tsalle, ya jijjiga ka har ka gaji. In kuma iska ta yi kaɗan ka faɗa rami, bakin wili zai tsinke tif ya bar huda biyu jere kamar saran maciji.

Abin da za ka riƙe: tif biyu masu girman tayarka da irin bawul ɗinka (Presta siriri ne, Schrader kamar na mota), famfon da ya dace da bawul ɗin, ledar faci da sholisho, abin ɓanɓare taya guda biyu, alanki mai lamba 4, 5 da 6, da gaɓar sarƙa ta gaggawa. Ka koyi sauya tif na tayar baya a gida, sau biyu aƙalla. Kuskuren da aka fi yi shi ne zura sabon tif ba a lalubi cikin tayar ba. Ƙayar da ta huda na farko tana nan, za ta huda na biyu kafin ka yi kilomita ɗaya. Ka bi cikin tayar da yatsa a hankali, ka cire ta. Ka ɗan hura sabon tif kafin ka sa shi, sannan ka zagaya ka tabbatar bakin taya bai danne shi ba kafin ka cika.

Ci da sha

Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yana ɗaukar mutum kimanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana aiki da ƙarfi. Kilomita 100 kuwa a gudun kilomita 20 cikin awa, awa biyar ce ban da tsaye-tsaye. Idan ajiyar ta ƙare, ƙafa kan mutu farat ɗaya, jiri ya zo, hannu na rawa, mutum ya kasa lissafi mai sauƙi. Wanda ya kai nan, ko ya ci abinci sai ya jira minti 20 ko fiye kafin ya dawo hayyacinsa.

Maganinsa a fara ci tun ba a ji yunwa ba. Ka karya awa biyu zuwa uku kafin tashi. Daga minti na 45 ka fara, sannan kowane rabin awa ka sa wani abu a baki, yadda za ka samu giram 30 zuwa 60 na sitaci da sukari a awa. Ayaba matsakaiciya ɗaya na da wajen giram 25. Burodi da abu mai zaƙi ma ya yi. Abinci mai maiƙo da nauyi ka bar shi sai an gama, yana daɗewa a ciki.

Ruwa kuwa rabin lita zuwa lita ɗaya saura kwata a awa, kurɓi kaɗan kowane kwata, a ƙara in ana zafi. Gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya da garin gishirin da ke mayar da abin da gumi ya fitar. Ka cika su a kowace tashar hutu da ke kan hanya ko da rabi kawai ka sha, domin a karkara ba ka san inda za ka sake ganin ruwa ba.

A kan hanya

Awar farko ita ce tarko. Ga taron jama'a, ga ƙafa sabuwa, sai ka tsinci kanka kana bin waɗanda suka fi ka. Ma'auni mai sauƙi: in ba ka iya yin cikakkiyar magana da na kusa da kai ba tare da haki ba, ka rage. Ka zaɓi giya mara nauyi, ƙafa na juyawa sau 80 zuwa 90 a minti. Giya mai nauyi tana cin cinya da gwiwa tun da wuri.

Ka nazarci taswirar hanyar ka san inda tuddai suke. A hawan Landan zuwa Brighton a Ingila, wanda gidauniyar British Heart Foundation ke tara kuɗi da shi, tafiyar mil 54 ce, kimanin kilomita 87, amma tudun Ditchling Beacon, wanda ya fi kowanne tsauri, yana can dab da ƙarshe. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa da safe, tura keke zai yi. Ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin tudu ya kama ka, domin sauyawa ana danna feda da ƙarfi shi ke sa sarƙa ta zame ko ta tsinke.

A gangara ka rage gudu kafin kwana, da birki biyu tare, ka ja jikinka baya kaɗan. Kwanar karkara kan tara yashi da tsakuwa, damƙe birkin gaba a kansu kuwa faɗuwa ce. Bayan kwanar ana iya samun garken dabbobi ko tarakta ta cika hanya. Bin bayan wani yana rage faɗa da iska da kusan kashi 30 cikin 100, amma kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya. In ya kauce wa rami, kai ne a ƙasa. Ka nuna wa na bayanka rami da hannu, ka yi magana kafin ka tsaya. Hular kwano a ɗaure, yatsa biyu kawai tsakaninta da gira.

A tasha kada ka wuce minti 10, ƙafa na sandarewa. Ka rubuta lambar masu shiryawa a takarda, ka sauke taswira a waya tun a gida saboda wuraren da babu sabis. In ka ga wani ya rikice, yana tangaɗi ko maganarsa ba ta haɗuwa cikin zafi, ka kai shi inuwa, ka jiƙa shi da ruwa, ka kira agaji nan take. Ciwon ƙirji ma haka, a sauka daga keke a kira taimako.

Da ka isa, ka ci abinci cikin awa ɗaya, ka cire jiƙaƙƙen wandon, ka ci gaba da shan ruwa har fitsari ya yi haske. A ranar ko washegari ka aika wa waɗanda suka ba da gudummawa hoto da adadin kilomitan da ka yi, ka kuma miƙa kuɗin da ke hannunka ga gidauniyar kafin wa'adin da ta sa, ka karɓi shaida.