Yadda za ka gane domen da renji a aljabra

Ɗalibai da yawa nan suke rikicewa, alhali abin ba wuya wallahi. Ɗauki fankshan kamar injin niƙa, ka zuba lamba ta sama, wata ta fito ta ƙasa. Duk abin da injin zai karɓa shi ne domen, abin da ya fito kuma renji.

To gwada fankshan f(x) = 1/x, wato a raba 1 da x, lambar da ka zuba, ka sa 2 ka samu rabi, amma fa kar ka kuskura ka sa 0 don ba a raba lamba da sifili, kenan domen ɗinsa duk lambobi ne ban da 0. Shi kuwa f(x) = x², wato x sau x, komai yana karɓa, sa -3 ya ba ka 9, sa 3 ma 9 ɗin dai, ba zai taɓa fitar da lamba ƙasa da sifili ba, renjinsa daga 0 ne zuwa sama.