Yadda Ake Fita Daga Kwangilar Waya a Birtaniya Kafin Wa'adi Ya Cika

Wanda ya saba da tsarin Najeriya ko Nijar, inda ake loda kati a yi kira, in an ga dama a ajiye layin, yakan sha mamaki idan karatu ko aiki ya kai shi Birtaniya. A can kamfanoni irin su EE da O2 da Vodafone suna ba mutum sabuwar waya da layi bisa sharaɗin biyan kuɗi duk wata, galibi har tsawon wata 24, kuma duk wanda ya nemi ficewa kafin wa'adin ya cika sai ya biya kuɗin soke yarjejeniya. Ana lissafa wannan kuɗi ne da watannin da suka rage, wasu kamfanonin su ɗan yi ragi. Mai biyan fam 30 a wata, wanda saura masa wata 10, ya sa ran za a nemi kusan fam 300 daga gare shi.

Kafin komai ka nemi sanin ainihin abin da ake binka. Tun watan Yuli na 2019 hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta wajabta wa kamfanoni su amsa wannan tambaya ta saƙon tes. Ka rubuta INFO ka aika zuwa 85075, kyauta ne, za a turo maka adadin kuɗin, kuma aika saƙon ba ya soke komai.

Daga nan ka bincika ko kana cikin waɗanda doka ta ba damar fita ba tare da biyan ko sisi ba. Idan ta intanet ko ta kiran waya ka ƙulla yarjejeniyar, kana da kwana 14 na sake shawara, sai dai ka mayar da wayar, ka kuma biya abin da ka yi amfani da shi. Wanda ya sa hannu a cikin shago ba shi da wannan haƙƙi a doka, sai abin da kamfanin ya amince da shi. Ƙofa ta biyu ita ce ƙarin farashi, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Idan kamfani ya ƙara kuɗi fiye da abin da aka rubuta a yarjejeniya, dole ya sanar da kai, kuma kana da kwana 30 ka fice kyauta. Amma idan tun farko an rubuta cewa za a ƙara kaza duk shekara, ka riga ka amince da shi ranar da ka sa hannu. Daga 17 ga Janairu 2025 wajibi ne sababbin yarjejeniyoyi su bayyana wannan ƙari da adadin fam ƙarara, shi ya sa ya kamata a karanta wannan sashe da natsuwa kafin a karɓi waya.

Ka duba kuma ko yarjejeniyarka kashi biyu ce, domin wasu kamfanoni suna raba kuɗin layi da bashin wayar kanta. A irin wannan tsari rufe layi ba ya shafe bashin wayar.

Idan ka yanke shawarar tafiya kuma kana son lambarka, ka aika PAC zuwa 65075, za a ba ka wata lambar shaida mai aiki na kwana 30, ka miƙa ta ga sabon kamfani, su kammala sauyin cikin ranar aiki ɗaya. Wanda ba ya bukatar tsohuwar lambarsa sai ya aika STAC zuwa 75075, a ba shi lambar shaidar rufe tsohon layin ya miƙa ga sabon kamfani.

Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne dakatar da cirar kuɗin da kamfanin ke yi duk wata daga asusunsa na banki ya yi shiru, musamman ɗalibi ko ma'aikaci da bizarsa ta kusa ƙarewa yana shirin komawa gida. Bashin ba ya gushewa don mutum ya bar ƙasar. Ana iya miƙa shi ga kamfanonin karɓar bashi, kuma tabon rashin biya yana zama a tarihin bashin mutum shekara 6, ya hana shi samun rance ko ya wahalar masa da neman gidan haya idan ya dawo. Gara ka kira kamfanin ka bayyana halin da kake ciki, ka nemi a rarraba maka biyan, ko ka tambaya ko za su yarda a mayar da yarjejeniyar sunan wani amintacce da yake son ta.

Idan kana ganin an cuce ka a lissafi, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka adana kowace amsa. In ba a warware ba, kana iya kai maganar gaban Communications Ombudsman ko CISAS, hukumomi masu zaman kansu da ke sasanta saɓani tsakanin kamfanonin sadarwa da abokan cinikinsu, gwargwadon wadda kamfaninka yake ƙarƙashinta, kuma ba a biyan komai. Wanda kuwa bai san tsawon zamansa a ƙasar ba, ya fi masa sauƙi ya sayi waya da kuɗinsa, ya ɗauki layi mai sabuntawa duk kwana 30.