Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kewaye Gindin Bishiya da Gadon Furanni

Kuskuren da ya fi yawa a gidajen Zariya, daga Samaru har Tudun Wada, shi ne matse bishiya. Sai a dasa mangwaro ko dogon yaro, a sa birkila ya jera bulo dab da gindinsa, a manta cewa dashen da bai wuce kaurin sanda ba yau, nan da shekaru kaɗan saiwoyinsa za su ɗaga bulon, su tsaga simintin. Gyaran shi ne a bar tazarar aƙalla mita 1 tsakanin gindi da kewayen, idan kuwa tsohuwar bishiya ce, a ƙara nisa, kuma kada a sare manyan saiwoyi da diga don kawai layi ya miƙe.

Wanda ya fi wannan ɓarna, a ganina, shi ne cika kewayen da ƙasa har ta hau jikin bishiyar. Ɓawon da aka binne yakan zauna cikin danshi ya ruɓe, gara ta samu hanya, mai gida kuma ba zai lura ba sai ganye ya fara zuba. Duk wanda ya riga ya yi haka, ya sa hannu ya janye ƙasar a hankali har sai ya ga inda gindin ya buɗe ya fara rabuwa zuwa saiwoyi, domin wannan wurin iska yake bukata.

Sai batun ruwa. Idan aka shafe kewaye da siminti ba kafa ko ɗaya, ruwan watan Agusta zai kwanta a gadon furanni, musamman inda akwai marmara a ƙarƙashi, saiwoyi su shaƙe. A riƙa barin 'yar kafa tsakanin bulo da bulo ta ɓangaren gangare.

Wasu kuma kan ɗora bulo a kan ƙasa kawai, shi ya sa yake karkacewa tun daminar farko. A ja igiya tsakanin turaku, a haƙa rami mai zurfin kamar santimita 10, a daddaɓe shi, a shimfiɗa yashi, sannan a jera. Katako kuwa gara ba ta barinsa ya daɗe a ƙasarmu, don haka jan bulo ko dutse ya fi.