Akanta da digirin lauya: lissafin da za ka yi kafin ka sayi fom

Akanta da ya yi shekaru yana aikin haraji ko binciken kuɗi a Najeriya yakan kai wani matsayi da zai ga kullum maganar tana ƙarewa a teburin lauya, sai ya fara tunanin komawa makaranta. Kafin ka sayi fom, ɗauki takarda ka rubuta ainihin aikin da kake son yi bayan ka gama. Sannan ka duba: doka ta keɓe wa lauya wannan aikin, ko akanta ma yana iya yin sa?

Ayyuka da dama da ake ɗauka na lauya ne, akanta yana da izinin yin su. A kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ke zama a Kaduna don Arewa maso Yamma da kuma Bauci don Arewa maso Gabas, ƙwararren akanta yana iya tsaya wa mai biyan haraji. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ƙwararren akanta ya zama sakataren kamfanin da ke sayar wa jama'a hannun jari, ta kuma yarda mai digirin akanta da ya yi shekara 5 yana aiki a harkar kamfanonin da bashi ya durƙusar ya nemi izinin kula da irin wannan kamfanin. Mai bin diddigin almundahana shaida yake bayarwa a kotu a matsayin ƙwararre, ba ya bukatar rigar lauya. Idan burinka yana cikin waɗannan, jarrabawar CITN ta haraji ko ta ICSAN ta sakatarorin kamfani ta fi kusa, ta fi arha, ba kuma sai ka bar aiki ba.

Inda akanta yake tsayawa shi ne ƙofar Babbar Kotun Tarayya. Da zarar an ɗaukaka ƙara zuwa can, lauya ne kaɗai zai tsaya wa kamfani. Haka shirya takardun cinikin fili da na jingina don a biya ka. Wanda yake son ya riƙe shari'ar haraji daga farko har Kotun Ƙoli, shi ne karatun ya dace da shi. Lokacin ma ya yi masa daidai, domin sabbin dokokin haraji 4 da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 za su daɗe suna jawo gardamar fassara a kotu.

To, in ka tsaya a kan haka, fara da sakamakonka na sakandare. Nan ne akantoci da yawa suke tuntuɓe tun ba a je ko'ina ba. Mafi yawan tsangayoyin shari'a suna neman kiredit a adabin Turanci, ɗan ajin kasuwanci kuwa sau da yawa bai taɓa yin darasin ba. Takardar ICAN ko ta ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ba za ta cike wannan giɓin ba, sai ka zauna jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Karanta sharuɗɗan jami'ar da kake so a kundin JAMB, don sun bambanta, musamman inda ake koyar da shari'ar Musulunci, kamar Jami'ar Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya.

Mai digiri yakan shiga kai tsaye ta JAMB ya fara daga aji 2, ya yi shekara 4 maimakon 5. Bayan haka sai shekara 1 a Makarantar Horas da Lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ko Yola ko wani reshen, duk inda aka tura ka. Jimilla shekara 5 ke nan, in babu yajin aiki.

Abu biyu za ka tabbatar kafin ka biya ko kwabo. Na farko, karatun ya zama na cikakken lokaci. Majalisar kula da ilimin shari'a ba ta amince da digirin lauya na yamma ko na ƙarshen mako ba, kuma ɗaliban jami'ar karatu daga gida sun yi shekaru suna jira kafin a buɗe musu ƙofar makarantar lauyoyi. Na biyu, kowace tsangaya tana da adadin ɗaliban da aka yarje mata ta tura makarantar lauyoyi a shekara. Jami'ar da ta ɗibi fiye da kasonta, ɗalibanta sukan gama su zauna a gida suna jiran layi. Ka tambayi waɗanda suka gama bara ko sun samu tafiya.

Lissafin kuɗin kuwa, kai ne gwaninsa, ka yi shi da gaskiya. Kuɗin makaranta shi ne ƙarami. Babban shi ne albashin da za ka rasa da ƙarin girman da zai wuce ka. A jami'a wasu sukan lallaɓa da aiki, amma a makarantar lauyoyi ana ɗaukar sunan masu halarta, ga zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauya, saboda haka shekarar nan ta tafi ɗungurungum. Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce tun kafin ya fara, ya kuma sani cewa kundin tsarin mulki ya hana shi gudanar da harka mai zaman kanta ban da noma. Ko an rantsar da shi lauya, ba zai buɗe ofishi ba muddin yana cin albashin gwamnati.

Sai wani sharaɗi da mutane ba su cika sani ba sai bayan sun gama. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana mutum yin aikin lauya tare da wata sana'a a lokaci guda, sai da izinin babbar majalisar lauyoyi. Sun kuma hana lauya haɗa ofishin shari'a da wanda ba lauya ba. Mafarkin allo ɗaya a ƙofa mai cewa a nan ana binciken kuɗi ana kuma shari'a ba ya tabbata haka kawai. Lauyan da ke karɓar albashin kamfani ma ba ya tsaya wa kamfanin a kotu. Dole ɗaya ta zama sana'arka, ɗayar ta zama ilimin da ke taimaka mata.

Idan ka zaɓi lauya, za ka fara a ƙarƙashin wanda wataƙila ka girme shi, da albashin da bai kai wanda ka bari ba. Nemi ofishin da ke da sashen haraji ko na harkar kamfanoni, inda iya karanta rahoton kuɗi zai sa a miƙo maka fayil tun a shekarar farko. Mafi yawan irin waɗannan ofisoshi a Legas da Abuja suke, don haka ka sa kuɗin ƙaura da na haya a cikin lissafin, ka kuma zauna da iyalinka a kai tun yanzu.