Yadda Ake Wankin Zinare a Bakin Kogi, Daga Ƙwarya Zuwa Injin Zuƙo

Duk aikin wankin zinare a kan nauyi yake tsaye. Robar ruwa mai cin lita ɗaya, in da za a cika ta da zinare zalla, sai ta haura kilo 19. Ƙwayar yashi kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin bakwai na nauyin ƙwayar zinare mai girmanta ba. Shi ya sa ruwa ke kwashe yashi ya yi gaba da shi, zinare kuma ya nutse ya maƙale a wuri na farko da ruwan ya rage gudu. Wanda ya riƙe wannan a kansa zai gane inda zai tona, ya kuma gane kuskurensa idan ƙwarya ta fito wayam.

Ba kowane kogi ne ke da shi ba. A Najeriya an san zinare a Anka, Maru da Bukkuyum na jihar Zamfara, da Birnin Gwari, da kewayen Minna, da Yauri, har zuwa Ilesha a ƙasar Yarbawa. A Nijar an san shi a yankin kogin Sirba. Rafukan da suka ratso irin waɗannan wurare su ne ke ɗauko shi daga jijiyoyin farin dutse. Da yawa daga cikin dazukan nan suna fama da 'yan bindiga, don haka kada ka shiga inda mutanen gari da kansu suka ƙaurace wa. Sannan dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kuma ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja ne ke ba da lasisin ƙaramin haƙa, ga mutum ɗaya ko ga ƙungiyar gama kai. Kafin ka ɗauki shebur, ka san ko wurin yana cikin filin wani mai lasisi, ka kuma je ka gaida mai gari da mai gonar da ke bakin ruwan.

Da damina ake karanta kogi, da rani ake aikinsa. Lokacin da ruwa ya cika ya tumbatsa ne kawai yake da ƙarfin motsa zinare, saboda haka in ka zo a watan Janairu ka tarar da ɗan siririn ruwa, kada ya ruɗe ka. Duba ciyayi da ledojin da suka maƙale a rassan bishiyoyin gaɓa, su za su nuna maka inda ambaliya ta kai. Daga nan ka kwatanta a zuciyarka inda ruwan ya rage gudu a lokacin: cikin kwana, musamman farkon tudun tsakuwar da ke taruwa a wurin, bayan babban dutse ta gefen da ruwa ke gangarawa, da inda matsattsen wuri ya buɗe ya yi faɗi. Tudun lallausan yashi fari tas ba wurin ɓata lokaci ba ne. Nemi inda manyan duwatsu, tsakuwa da baƙin yashi suka cakuɗe, domin abubuwa masu nauyi tare suke kwanciya.

Kuma a ƙasa yake. Ka tona har sai shebur ya taɓa falalen dutse ko yumɓu mai tauri, ka kwashi kamu ɗaya na abin da ke kwance a kansa. Tsagar dutsen da ta gitta wa ruwa ta fi ko'ina riƙe shi. Sa tsohon cokali da sukundireba ka ƙwaƙule ta har ƙarshe, ka share da buroshi, har saiwoyin ciyawar da suka fito a ciki ka haɗa ka wanke.

Kayan farawa ba su da yawa: ƙwarya mai faɗin santimita 35 zuwa 40 ko farantin wanki na roba mai duhun launi, shebur, bokiti biyu, rariyar waya mai ido kamar milimita 6, mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika, da 'yar kwalba mai murfi. Babban abokin gabar mai wanki shi ne maiƙo. Ƙwaryar da aka taɓa zuba man shanu ko man gyaɗa a ciki, ko hannun da aka shafa wa basilin, suna sa lallausan zinare ya yi iyo a saman ruwa ya tsere. Wanke ƙwaryar da toka ko omo kafin ka fara.

Ga yadda ake wankin. Tace ƙasar a rariya cikin ruwa, ka duba duwatsun da suka rage a sama kafin ka zubar. Zuba tatacciyar a ƙwarya, kada ta wuce kashi biyu cikin uku. Nutsar da ƙwaryar gaba ɗaya a ruwa mai sanyin gudu, ka sa yatsu ka murje duk curin laka har ruwan ya daina yin kauri. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, alhali curin yumɓu yana liƙe ƙwayar zinare ya mirgine da ita waje. Sai ka girgiza ƙwaryar hagu da dama da ƙarfi na daƙiƙa 20 zuwa 30, tana cikin ruwa, har ka ji duk abin da ke ciki ya saki yana motsi kamar kunu. A nan ne mai nauyi ke gangarawa gindi. Yanzu karkata bakin ƙwaryar gaba kaɗan, ka riƙa tsoma ta kana ɗagowa, ruwa na ɗauke abin da ke sama kawai. Tsomawa uku ko huɗu, sai ka daidaita ta ka sake girgizawa. Haka za ka yi ta yi har abin da ya rage bai fi cokali biyu ba, yawancinsa baƙin yashi.

A nan sai a sassauta hannu. Bar ruwa kaɗan a ciki, ka juya shi a hankali ya zagaye gindin ƙwaryar. Baƙin yashin zai ja gaba kamar jela, zinaren kuma ya tsaya a baya, rawaya mai nauyi, ba ya ko motsi. Idan ƙananan ƙwayoyi suna yawo a sama, ɗigon ruwan sabulu ɗaya zai nutsar da su. Ka sa busasshen yatsa ka danna ƙwayar, ka tsoma a kwalbar da ka cika da ruwa. Wankin ƙarshe a cikin daro ake yinsa, domin abin da ya kufce a sake samunsa.

Kafin ka je kogi, gwada hannunka a gida. Yanka wayar jan ƙarfe gutsure goma, kowane kamar ƙwayar gero, ka cakuɗa da yashi ka wanke. Ranar da ka iya dawo da goman sau uku a jere, hannunka ya faɗa, tunda zinare ya ninka jan ƙarfe nauyi fiye da sau biyu.

Abubuwa biyu ne ke yaudarar sabon shiga. Akwai ɓawon dutse mai walƙiya da ke tashi yana lilo da zarar ruwa ya motsa, in ka danna shi da farce ya dagargaje. Akwai kuma wani mai launin tagulla da kusurwoyi kamar an yanka, wanda in ka buga da guduma sai ya zama gari mai duhu. Zinare na gaskiya lanƙwasewa yake yi ya baje, kuma launinsa ɗaya ne a rana da inuwa. Su waɗancan, ka kare su da tafin hannu, sai ƙyallin ya mutu.

Kada ƙwarya ɗaya mai kyau ta sa ka kafa sansani. Ɗauki ƙwarya biyar a kowane wuri, ka ƙirga ƙwayoyin da ka gani, ka rubuta a littafi tare da zurfin ramin, sannan ka matsa taku ashirin ka sake. Lallausan zinare sai an tara ɗaruruwan ƙwayoyi, wani lokaci dubbai, kafin a haɗa giram ɗaya. Littafin nan ne zai gaya maka ko wurin ya cancanci kwamin wanki.

Kwamin wanki dogon akwati ne mai kama da indararo, na katako ko gwangwani, tsawonsa mita ɗaya da rabi, faɗinsa santimita 25 zuwa 30. Ana shimfiɗa kafet ko bargo a cikinsa, a gitta 'yan sanduna masu tsayin santimita 2, tazarar santimita 10 tsakaninsu. Gangarensa kamar santimita 8 ne a kowace mita. Amma awo mafari ne kawai, ido ne ke ƙarasa aikin. Idan yashi ya binne sandunan, kwamin ya kwanta da yawa ko ruwa ya yi kaɗan. Idan bayan sandunan ya wanke fes har kana ganin kafet, ya yi tsaye da yawa, kuma zinarenka na komawa kogi. Daidai shi ne ka ga baƙin yashi yana rawa a bayan kowace sanda. Zuba tatacciyar ƙasa kwano-kwano, ka bari na farko ya wuce kafin na biyu. Bayan awa ɗaya ko biyu, tare ruwan, naɗe kafet ɗin a hankali, ka wanke shi a daro. Lokaci-lokaci ka ɗebi abin da ke zuba a ƙarshen kwamin ka wanke a ƙwarya. In ka ga zinare a ciki, gyara gangaren.

Injin zuƙo kuwa famfo ne da ke tura ruwa da ƙarfi ta yadda babbar mesa mai faɗin inci 2 zuwa 4 za ta zuƙo tsakuwa daga gindin kogi ta zuba a kwamin da ke kan duro masu iyo. Matsalolinsa sanannu ne. Bakin mesar dole ya ɗan fi cikinta ƙanƙanta, in ba haka ba dutse ya shiga ya toshe ta a tsakiya. Cusa bakin cikin yashi yana cika kwamin fiye da ƙarfin ruwan. Iskar da ke shiga ta mahaɗar da ba a ɗaure sosai ba tana kashe zuƙon. Haɗarin rai kuma yana cikin ramin da kake haƙawa a ƙarƙashin ruwa: bangonsa na ruftawa, babban dutse na mirginowa ya danne ƙafa, hayaƙin inji na shiga mesar da mai nutso ke numfashi da ita idan mashigar iska tana kusa da salansa. Ga kuma ɓarnar ruwa. Kogunan Pra, Birim da Ankobra a Ghana sun koma launin kunun kanwa saboda injinan haƙa, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta dakatar da irin wannan zuƙo tun 2009. Mai yi don sha'awa ba ya buƙatarsa, kuma bai kamata a kunna shi a saman mashayar gari ba.

Abu biyu ne babu sassauci a kansu. Na farko, kada ka kai dutsen ma'adini gida ka daka ko ka niƙa. A 2010 ƙurar dalma daga irin wannan niƙa ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta, Yargalma da Bagega, aka kuma sake ganin irinta a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Kayan da ka yi aiki da su ma kada su shiga ɗakin da yara ke kwana. Na biyu, ka nisanci zaiba, wadda masu haƙa ke kira makuri. Tururinta in an ƙona yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, wadda ta zube a ruwa kuma tana taruwa a jikin kifin da za a ci. Zinaren kogi a sake yake, ba ya buƙatarta.

Abin da za ka yi da baƙin yashin shi ne ka shanya shi ya bushe ƙarau, ka baza a farar takarda, ka sa mayen ƙarfe cikin leda ka riƙa wucewa da shi sama-sama ba tare da ya taɓa ba. Ka zare mayen daga ledar, yashin ya zube gefe. Sake bi ta kan wanda ya zube sau ɗaya, don yakan kamo ƙwayar zinare a tsakaninsa. Ragowar sai ka karkata takardar kana ƙwanƙwasa ta da yatsa.

Sa dogon takalmin roba in za ka daɗe a ruwa, saboda tsargiya ta fata take shiga, kuma a manyan koguna irin na Yauri ka tambayi masunta inda dorina da kada suke. Cike ramin da ka tona kafin ka tashi, shanu da yara ne ke faɗawa. In za ka sayar, auna busasshen zinarenka a ƙaramin sikelin da ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram tun a gida, ka tambayi farashin giram na ranar a wuri biyu ko uku. Mai saye zai rage wani abu saboda zinaren kogi yakan zo gauraye da azurfa, don haka ka nemi a gwada shi a gabanka kafin a yanke kuɗi.