Kurakuran da masu tara fayafayan jaz suka fi yi, da yadda ake gyara su

Rana ce ta kashe mini faifan jaz na farko da na saya da kuɗina. Wani ɗan'uwa ya taho mini da shi daga Landan, na karɓa da hantsi a cikin watan Afrilu, na jefa shi kujerar bayan mota na shiga ɗaurin aure. Kafin a shafa fatiha a gama gaishe-gaishe, awa biyu ta wuce. Da na zaro shi daga kwalinsa da daddare sai na tarar ya lanƙwashe kamar gurasar da ta kwana, allura na hawa tana gangarowa kamar mai tsallaka kunyoyin gona. Eastern Sounds ne na Yusef Lateef, wanda aka ɗauka a 1961, mutumin da daga baya ya zauna a Zariya yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985. Har yau ina ajiye da kwalin.

Saboda haka da ajiya zan fara, domin a nan ne mu da ke zaune cikin zafi da ƙura muka fi yin asara. Faifai roba ce, zafi na tausasa ta, nauyi kuma na danne ta. Masu jera fayafayai kwance, ɗaya bisa ɗaya kamar tulin faranti, na ƙasa ne ke biyan bashin. A tsaye ake jera su kamar littattafai, ba a matse ba, ba kuma a jingine sun karkace ba. A nisanta su da taga, da bangon da rana ke duka da yamma, da saman amfilifaya mai ɗumi. Ɗakin da rufin kwano ne kawai babu silin, a bazara tanderu ne. Takardar ciki ta asali, wadda ta shekara sittin, ta zama kamar yashi. A saya wa faifan sabuwar riga mai santsi, a ajiye tsohuwar a cikin kwali don tarihi. Lanƙwasa kaɗan allura na iya bi. Wadda ta yi yawa kuwa, dabarar matse faifai tsakanin gilasai biyu a shanya a rana ta fi kashewa fiye da warkarwa, don tsagin da ke ɗauke da sautin shi ma narkewa yake yi.

Sai na'urar juya faifan. Da yawa sukan kashe kuɗi mai kauri a kan faifai, sannan su ɗora shi a kan ƴar ƙaramar na'urar nan mai kama da akwati, mai lasifika a jikinta. Irinta kan danna allura da nauyin giram biyar ko fiye, alhali yawancin allurai masu kyau tsakanin giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi suke aiki. Wasu kuma idan allura ta fara tsalle sai su ɗora mata tsabar kuɗi a ka. Tsallen zai daina, amma kowane zagaye ana kankare faifan ne. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, sauƙaƙa nauyin fiye da kima shi ma ɓarna ne: allurar ba ta zauna daram ba, sai ta riƙa karo da bangon tsagi, kuma a faifan jaz wurin da za ka fara jin haka shi ne inda mai turampet ya ɗaga murya, sautin ya tsage kamar an yaga ƙyalle. Ƙaramin sikelin auna nauyin allura ba shi da tsada, kuma kamfanin da ya ƙera allurar ya rubuta nauyin da take so. Ita kanta allurar tana tsufa. Bayan awa ɗari biyar zuwa dubu na aiki, a sauya ta. Na'urar gwanjo kuwa, ko mai sayarwa ya rantse, a sauya allurarta kafin ta taɓa faifan kirki.

Akwai wani tarko da masu sayen kayan tokumbo ke faɗawa. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, tamu kuwa 230, wannan kowa ya sani, sai a nemi taransifoma. Amma wutar Amurka na kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma taransifoma ba ta gyara wannan. Tsofaffin na'urori da yawa da kaɗawar wutar motarsu ke auna gudunta. Ka jona irin wannan a Kaduna ko Maraɗi, faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 da sulusi a minti sai ya koma wajen 28. Saksafon ya yi nauyi kamar mai mura, ka zargi faifai alhali ba ruwansa. Maganinsa a sauya ɗan gurun da bel ke ratayawa da na wuta mai 50, ko tun farko a nemi na'urar da ke daidaita gudunta da kanta. Janareta ma haka yake yi wa irin waɗannan na'urori, in ya yi sama ya yi ƙasa sai ka ji fiyano na rawa. Wanda kuma ya jona na'ura ya ji sauti siriri can ƙasa-ƙasa babu kauri, ba lalacewa ta yi ba. Lokacin yanka faifai ana rage sautin ƙasa a ƙara na sama, bisa ƙa'idar RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, da aka daidaita a kai tun 1954, kuma sai an bi ta mashigar da aka rubuta wa Phono, ko ƙaramin akwati mai wannan aikin, sautin ke komawa yadda yake.

Wanki kuwa, garin gyaran gira ake rasa ido. Na ga mai goge faifai da gefen rigarsa, na ga mai fesa masa maganin goge gilashi, na ga mai wanke shi da ruwan rijiya da omo. Ruwan rijiya da na famfo suna barin gishiri a cikin tsagi, idan ya bushe ƙarar ta fi ta da. Tataccen ruwa ake so, irin wanda ake ƙara wa batirin inbata, wanda babu asid a ciki, da ɗigon sabulun ruwa marar turare, da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen tsagin, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye, a bar shi ya bushe a tsaye. A lokacin hunturu iska ta bushe, faifai na jan ƙura kamar mayen ƙarfe, don haka buroshi mai laushi kafin kowane sauraro ya zama dole. Idan kuma ka gaji fayafayan garmaho masu zagaye 78, masu nauyi da saurin fashewa, kada sifirit ya kusance su, narkar da su yake yi. Allurarsu ma daban ce, ta fi kauri, kuma allurar ƙarfe ta garmaho idan ta hau faifan zamani sau ɗaya ta gama da shi.

Yanzu ga inda kuɗi ke zurarewa: haukar bugun farko. Duk wanda ya fara tara jaz zai ji labarin Blue Note, kamfanin da Alfred Lion ya kafa a New York a 1939, da Rudy Van Gelder, mai gwajin ido da tabarau da ya riƙa ɗaukar sauti a falon iyayensa a Hackensack kafin ya gina situdiyo a Englewood Cliffs a 1959. Zai ji cewa na asali yana da adireshin 767 Lexington Avenue ko 47 West 63rd a takardar tsakiya, da wani zurfaffen zobe a kanta, da haruffan RVG na sunan Van Gelder, da wata ƴar alama mai kama da kunne ta masana'antar Plastylite a filin da ke tsakanin kiɗan ƙarshe da takardar. Duk gaskiya ne. Kuskuren shi ne kama alama ɗaya a yanke hukunci. Kamfanin Blue Note bai kasance mai zubar da ragowar takardu ba, sai ka ga tsohon adireshi a kan faifan da aka buga shekaru bayan haka. Bayan Liberty ta sayi kamfanin a tsakiyar shekarun 1960 alamar kunnen ta ɓace, amma an ci gaba da amfani da ƙarafan bugu na Van Gelder na wani lokaci. Wannan ma albishir ne ga mai ƙaramin aljihu: faifan zamanin Liberty mai sunan Van Gelder a jiki, yankan hannunsa ne, a kan kuɗin da bai kai rabin na farkon ba.

Ni a ganina, wanda bai riga ya san kiɗan ciki da waje ba, ba shi da dalilin neman bugun farko. Wasu, kamar faifan Hank Mobley mai lamba 1568, dubban daloli ake sayar da su, kuma ƙarancinsu ake saya. Bugun farko da ya sha allurar shekarun 1950 sau ɗaruruwa, sautinsa ba zai kama ƙafar sabon bugu mai tsabta ba. Ga bugun Japan na King da Toshiba, ga jerin Original Jazz Classics da kamfanin Fantasy ya fara a farkon shekarun 1980 don sake fitar da kayan Prestige da Riverside da Contemporary, ga jerin Tone Poet da Blue Note ta fara a 2019, wanda Kevin Gray ke yankawa daga tef na asali. Da kuɗin bugun farko guda za ka cika shiryayye.

Amma ba kowane sabon bugu ne abin yarda ba. A Tarayyar Turai, sautin da aka fitar kafin 1963 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka, don haka kowa na iya buga shi. Ƙananan kamfanoni da yawa na yin haka ba tare da sun taɓa ganin tef na asali ba, galibi daga kwafin dijital suke ɗauka, su canza hoton kwali, su manna tambarin giram 180. Wannan tambarin ya ruɗi mutane da yawa. Nauyin roba yake nufi kawai, bai ce komai ba game da inda aka samo sautin ko wanda ya yanka shi. Ka juya kwalin: in babu sunan kamfanin asali ko bayanin izininsa, kuma farashin ya yi daɗi fiye da kima, araha ba ta ado.

Batun mono, mai hanyar sauti ɗaya, da sitiriyo, mai hanya biyu hagu da dama, gajere ne. Fayafayan sitiriyo sun shiga kasuwa sosai ne a 1958. Duk abin da aka ɗauka a farkon shekarun 1950 da kafin nan, su Charlie Parker da makamantansu, mono ne, kuma in ka ga an rubuta cewa an sarrafa shi ya koma sitiriyo, to an raba sautin ne da ƙarfin tsiya an ƙara masa amsa-kuwwa. A bar shi a nemi mono. Idan amfilifayarka na da maɓallin mono, danna shi yayin sauraron irin wannan faifan, rabin ƙarar ƙura za ta kwanta.

Saye ta intanet cinikin biri a sama ne in ba ka san harshen masu sayarwa ba. A Discogs, shafin cinikin fayafayai, da makamantansa ana auna lafiyar faifai da haruffa: NM kusan sabo, VG+ an saurara amma an kula, VG kuma, duk da sunansa na nufin mai kyau ƙwarai, faifai ne da za ka ji ƙas-ƙas a cikinsa. A kiɗa mai hayaniya ana iya haƙuri da haka. A faifan Bill Evans mai fiyano, inda mutum uku ne kawai kuma shiru na cikin kiɗan, VG azaba ce. Ka tambayi mai sayarwa ko ya saurara ne ko da ido kawai ya auna, domin tsagin da tsohuwar allura ta cinye ba ya nuna kansa ga ido, faifan na sheƙi amma sautin ya tafi. Ka kuma roƙe shi ya fitar da faifan daga kwali ya ajiye a gefensa cikin kunshin, in ba haka ba jijjigar hanya na sa gefen faifan ya fasa kwalin.

Ko shahararrun fayafayai ba su tsira daga kuskure ba. Kind of Blue na Miles Davis, da Columbia ta fitar a 1959, an ɗauki gefensa na farko ne da na'urar tef mai ɗan jinkiri, saboda haka bugun sitiriyo na shekaru sama da talatin ya ɗan fi yadda aka busa sauri da tsini, sai a 1992 aka gyara. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don bugun farko na sitiriyo, da wannan kuskuren ya saya, kodayake miliyoyin mutane sun so shi a haka.

Kuskuren da na fi daɗewa a cikinsa shi ne tara sunayen da kowa ke ambata, ina saye fiye da yadda nake saurara, har na sami fayafayan da ban taɓa juya gefensu na biyu ba. Abin da ya fitar da ni shi ne karanta bayan kwali. A jaz, wanda ke rakiya a wannan faifan shi ne jagora a wancan. Sunan Lateef na bi har na iso The African Beat na Art Blakey, na 1962, a nan kuma na ci karo da Solomon Ilori, makaɗin Najeriya da Blue Note ta ba faifansa na kansa, African High Life, a 1963. Shi nake nema yanzu, kuma na riga na gaya wa mai kawo mini cewa kada ya bar shi a mota.