Yadda ake ɗaukar hoto mai zurfi (3D) na ƙwaro

Nemi ƙwaron da sanyin safiya, kafin ya fara motsi. Hoto biyu za ka ɗauka ka jera; ko ƙafa ɗaya ya ɗaga a tsakaninsu, aiki ya ɓaci.

1. Kafa kyamara ta tsaya cak, saita haske da fokas da hannu. Ɗauki hoton farko.
2. Matsa da ita dama kashi 1 cikin 30 na tazararta da ƙwaron: in santimita 15 ce, milimita 5 ta isa. Da ka zarce, hotunan ba za su haɗu a ido ba. Ɗauki na biyu.
3. A StereoPhoto Maker, manhajar kwamfuta ta haɗa irin waɗannan hotuna, daidaita tsayinsu, sa hoton dama (na biyu) a hagu, na hagu (na farko) a dama. In aka sauya, ƙwaron zai lotsa.
4. Ɗaga yatsa tsakaninka da allo, zuba wa yatsan ido har hotunan su zama uku. Na tsakiya ne mai zurfin.